Fuskar amarya ta fito kamar toka: ashe laifin ProPhoto ne

Jama'a, yau dai na gano bakin zaren, bayan kwana goma sha ɗaya ina zargin wanda bai ji ba bai gani ba.

Hotunan kamun 'yar gwaggona ne. Na ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, na daidaita haske a manhajar Lightroom, na tura guda shida da za a saka a firam zuwa Photoshop don gyaran fata. Wannan ɓangaren ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, kun san shi. Abin da kawai zan ce, wannan karon na riƙe hannuna, ban goge fuskar ta koma kamar ta 'yar tsana ba, kuma ban ƙara mata fari ba duk da ƙawayenta sun roƙa. Yarinya wankan tarwaɗa ce, haka na bar ta. A kwamfutata hoton ya yi kyau har ina kiran ƙanena ya zo ya gani: jan lalle ya fito, gwaggwaron yana sheƙi, fata tana ɗaukar ido.

Na kai gidan wankin hoto, aka wanke manya guda shida. Da na buɗe ambulan sai gabana ya faɗi. Fuska ta yi toka-toka da ɗan kore-kore, lallen ya koma kalar ƙasa, komai ya dushe ya yi duhu. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ai kamar ta taso daga jinya." Na koma na yi wa mai shagon ƙorafi cewa injinsa ne. Ya ce abin da na kawo shi ya wanke. Na yi fushi na tafi wani shagon, na sake biyan kuɗin manya shida, suka fito sak irin na farko. Kuɗin wanki sau biyu daga aljihuna, ga kuɗin mota, aikin kuma dama kyauta nake yi wa dangi. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Na ɓata kwanaki ina ƙara kala da hannu, ina tura lemo da ja sama, abin da ya ƙara lalata aikin. Sai daren jiya idona ya faɗa kan ƙasan tagar Photoshop, inda za ka iya sa ya nuna maka bayanin launin fayil. Rubuce yake: ProPhoto RGB, 16-bit. Ashe idan ka tura hoto daga Lightroom zuwa Photoshop ba ka taɓa saitin ba, a ProPhoto yake tafiya, wato wani tsarin auna launi. Ni kuma da na gama sai na danna Save As na fitar da JPEG, ya tafi da ProPhoto ɗinsa.

Ga yadda na fahimci abin. Hoto lambobi ne kawai, ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza, daga 0 zuwa 255 a JPEG. Lambar ba ta da ma'ana sai an san da wane mudu aka auna. sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, ƙaramin mudu ne, kuma shi intanet da yawancin injinan wanki suke ɗauka ka yi awo da shi. ProPhoto na Kodak kuwa ƙaton mudu ne, har akwai launukan da ke cikinsa da idon mutum ba ya gani. Jan da ya cika mudun sRGB, a ProPhoto bai kai baki ba, lambarsa ƙarama ce. Photoshop yana karanta alamar da ke jikin fayil, wadda ke faɗin mudun da aka yi awo da shi, shi ya sa yake nuna mini daidai. Injin da ya yi biris da alamar sai ya karanta ƙaramar lambar nan da mudun sRGB, jan ya fito a sanyaye. Duhun ma da dalilinsa: gamma, wato ma'aunin yadda lamba ke komawa haske, ta ProPhoto 1.8 ce, ta sRGB kusan 2.2, to in aka karanta ta farko a matsayin ta biyu sai tsakiyar haske ta nutse.

Don in tabbatar, na buɗe fayil ɗin na yi Assign Profile zuwa sRGB. Wallahi nan take amaryar jinya ta bayyana a gabana, irin wadda ke cikin ambulan. Na yi dariya ni kaɗai da ƙarfe ɗayan dare. Ku kula da wannan da kyau: Assign yana canja alamar ne ya bar lambobin, Convert to Profile kuma yana sake lissafa lambobin don launin ya tsaya yadda yake. Convert ake yi, bayan an gama duk gyara, a kan kwafi.

Ko da na yi Convert zuwa sRGB, sai wata ƙaramar matsala ta ɓullo. Jan gwaggwaron ya fi ƙarfin sRGB, ya cushe ya zama fili guda, zanen jikinsa ya ɓace. Na rage masa ƙarfin kala kaɗan, amma a ƙyallen kaɗai, domin da na taɓa ja na hoton gaba ɗaya sai leɓe da lalle suka bi shi. Sannan na rage hasken fuskar kwamfutata wajen rabi. Na kara farar takarda kusa da ita na ga ashe fitila nake kallo, ba mamaki komai yake mini haske.

Da safe na koma shagon farko, na ba mutumin haƙuri, na ce ya wanke mini ƙarami guda ɗaya, mai inci 4 da 6, kafin in sake zuba kuɗi. Ya fito da kalarta ta gaskiya. Na tsaya a bakin titi ina juya shi cikin rana kamar wanda ya ci gasa.

Manyan sai ƙarshen wata in albashi ya shigo. Kafin nan akwai hoto na huɗu, inda koren fentin bangon ɗakin ya haska mata gefen kumatu, kuma wannan ba laifin ProPhoto ba ne. Duk wanda ya san yadda ake cire shi ba tare da kumatun ya koma ruwan hoda ba, ya taimaka mini.