Jan mariƙi ba shi ke tare wuta ba

Yanzu da nake ajiye aikin shantiye, abin da zan bar wa ƴan baya bai wuce zancen akwatin kayan aiki ba. A cikin akwatin ma abu guda ne ya fi tsaya mini a rai, wato ɗan turnabis ɗin nan mai ƙwai a ciki da muke kira tasta. Babu kuskuren da ke cin yaran masu gyaran wuta a Damagaram kamar yarda da shi. Maigida zai miƙa wa sabon yaro, ya ce duba ko da wuta. Yaro ya dangwala, bai ga haske ba, ya kai hannu. In ta fizge shi sai a ce ya cika gaggawa. Ban taɓa jin an tambayi wanda ya ba shi kayan ba.

Tasta ba ya auna kome, jikinka ne ke cika masa hanya. Wuta na shiga ta bakinsa, ta ratsa wani ɗan resistans da ke rage mata ƙarfi, ta kunna ƙwan, sannan ta bi ta yatsanka ta sauka ƙasa. To, in kana kan tsanin katako, da takalmin roba, ko kana tsaye kan busasshen rairayi irin namu, abin da ke wucewa bai isa ya haska ƙwan sosai ba. Ƙara da ranar azahar ta watan Afrilu a saman soro, ko ya kama ba za ka gani ba. Yakan kuma yi ƙarya ta ɗaya gefen, ya haska a kan wayar da ba ta da wuta don kawai ta bi bututu ɗaya da mai wuta. Mafi muni shi ne wanda gumi ko ruwa ya shiga, ko wanda wani gwani ya kwance ya mayar babu resistans. Wannan kam volt 220 ɗin nan kai tsaye za su zo babban yatsa.

Abin da ya kamata ya kasance a hannu shi ne na'urar gwaji mai baki biyu, wadda a makarantun sana'a ake kira VAT, in babu ita to miltimita mai kyau. Gwajin sau uku ne: a fara gwada na'urar a piriz ɗin da aka san yana da wuta, a gwada inda za a yi aiki, a sake komawa piriz ɗin farko don a tabbata ba a tsakani ta mutu ba. A wurin aikin kuma a auna tsakanin faz (wayar da ke kawo wuta) da nutur (wadda wutar ke komawa ta cikinta), faz da wayar ƙasa, nutur da wayar ƙasa. Dalili, gidaje da yawa a Birni da Zango an yi musu wayarin tun da daɗewa, an ɗora makunni a kan nutur, sai ka kashe ƙwai amma wuta na nan a kansa. Sannan tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, sola da gurup suka ƙaru a gidaje. Sauke disjonkter, wato makunnin da ke yanke wutar gida, na kamfanin wuta NIGELEC bai nuna gidan ya mutu ba, wata wutar na iya dawowa ta baya.

Daga nan sai jan mariƙi. Mutane na ganin filaya ko turnabis mai jar roba su ɗauka kariya ce. Yawancinsu don daɗin riƙo aka sa robar. Kayan da aka yi don aiki kusa da wuta suna da shaida a jiki: alamar kusurwa uku guda biyu a haɗe, rubutun 1000 V, lambar ƙa'idar ƙira IEC 60900, da shekarar ƙira. Kowane ɗaya an gwada shi da volt 10,000 kafin ya bar masana'anta. Na Jamus sukan ƙara da tambarin VDE, hukumar gwajin kayan wuta ta can. A turnabis, rufin yana sauka har kusa da baki, ƙarfe kaɗan ne a waje, don kada ya haɗa wayoyi biyu a cikin tablo, wato akwatin rarraba wutar gida. A filaya akwai ɗan tudu da ke hana yatsa zamewa zuwa ƙarfe. Ƴan jabu sun iya kwaikwayon rubutun, har da sunayen manyan kamfanoni irin Knipex da Facom, saboda haka a murza rubutun da jiƙaƙƙen tsumma, na gaske ba ya gogewa. A murɗa robar, in ta juya ko ta zame, a ajiye. Wasu masu kyau rufi biyu gare su, ja a sama, rawaya a ƙasa, ranar da rawayan ya leƙo aikinsa kusa da wuta ya ƙare, naɗa masa sikoc ba gyara ba ne. Zafinmu ma yana cin roba, wanda ke barin kaya a rana ko cikin akwatin babur zai ga ta taurare ta tsage da wuri.

Filaya, ko pens kamar yadda wasunmu ke cewa, a rufe bakinta a ɗaga ta saitin rana. In haske ya ratsa tsakanin haƙoran yanka, za ta tauna waya ne maimakon ta datse. A girgiza hannayen, kada mahaɗin ya yi rawa. Mai tsawon milimita 180 ta ishi aikin gida. Ƙusa ba abincinta ba ce.

Bakin turnabis mai gicciye iri biyu ne, kuma rashin sanin haka ya ƙona tablo da yawa. Akwai PH, akwai PZ mai ƙarin ƴan layuka tsakanin fikafikan. Yawancin disjonkter PZ2 suke so. In aka sa PH, zai riƙa tsalle yana cinye kan sukurun, mai ɗauri ya ji kamar ya ɗauru alhali waya na kwance sako-sako. Sako-sakon nan ke yin zafi idan aka kunna kilim ko injin ruwa, roba ta narke, mai gida ya ce wutar gari ce ta yi yawa. PH1, PH2, PZ1, PZ2 da masu faɗi na milimita 3.5 da 5.5 sun wadatar.

Feɗe waya da reza yana yi wa jan ƙarfen tsaga, a nan take karyewa idan aka lanƙwasa ta cikin buwat, ɗan akwatin haɗa wayoyi. A nemi abin feɗewa mai ramukan kaurin waya 1.5, 2.5, 4 da 6. Rezar a bar ta don kankare wayar da ake shakka, in fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyom ne aka lulluɓe da jan ƙarfe.

Miltimita don tablo ya zama mai matakin kariya CAT III, volt 600, mai fizibil (abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa) na tangaran da yashi a ciki. Ranar da aka manta igiya a ramin 10 A na auna amfiya aka kai ta piriz, wannan fizibil ɗin ne tsakaninka da tartsatsi, kada a maye shi da silin waya. Batirin miltimita in ya yi sanyi, mai arha yakan nuna lamba fiye da gaskiya.

A aikin sola, a matse MC4, mahaɗin wayoyin faifan sola, da filayarsa, ba da ta gama-gari ba. Batiri mai volt 12 ba zai fizge ka ba, amma kile da ya haɗa kawunansa biyu zai yi ja nan take, don haka a cire zobe da agogo.

Guduma, zarto, mita, waɗannan a sayi na arha, ba za su kashe kowa ba.

In za a shiga Kasuwar Dole, ko a yi sautu daga Sabon Garin Kano, a tafi da guntun waya 2.5 da tsohon disjonkter a aljihu, a gwada kaya a gaban mai shago. Wanda ya hana gwaji a wuce shagon gaba. Kuma yaro kada ya jira maigida, domin na san da yawa masu ɓoye filayarsu ta kirki a jaka su tura shi kan tsani da ta jabu. Kuɗin aikin farko ya tafi kan na'urar gwaji, na biyu kan PZ2 da mai faɗi 3.5 masu rufi, filaya ta biyo baya ko bayan sallah ne.