Wa Zai Saya? Abin da Aikin Ɗab'i Ya Koya Mini a Akra

Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ko Mamobi a Akra, babban birnin Gana, ya san New Town, unguwar masu ɗab'i da ke maƙwabtaka da mu. Can ake buga katin biki, kalandar coci, fastar 'yan siyasa da littafin rasit. Ta wannan ƙofa na shiga harkar littattafai, da tarin labarai da na rubuta tun ina sakandare da kuma burin ganin sunana a bango. Aikin da aka ba ni a wani ƙaramin kamfani shi ne duba kura-kurai kafin a kai rubutu kan inji.

Aiki ne mai kashe girman kai. Ido yakan karanta abin da yake zaton yana wurin, shi ya sa ake bin layi da rula, wani lokacin ma daga ƙasan shafi zuwa sama, don kada daɗin zance ya ɗauke hankali. Abin da nake dubawa kuwa ba adabi ba ne. Tambayoyin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare (BECE) ne na shekarun baya, da littattafan lissafi na firamare. Nan kuɗin yake. Mai buga littafi a Gana yana rayuwa ne da makaranta, kuma littafin makaranta sai hukumar tsara manhaja ta NaCCA ta amince da shi. Da aka kawo sabuwar manhaja a 2019, na ga katan-katan na littattafan tsohuwar manhaja sun zama kayan naɗe gyaɗa, alhali babu kuskure ko ɗaya a cikinsu.

Lissafin aikin a wurin dattijon da ke tuƙa injinmu na koye shi. Da na nuna masa wani rubutu nawa mai shafi 100, bai karanta ko layi ɗaya ba.

"Ɗana, ko ka rage huɗu, ko ka biya goma sha biyu na banza."

"Saboda me, Baba?"

"Takarda ba ta san labari ba. Sha shida-sha shida take naɗuwa."

Babbar takarda ɗaya, in an buga ta gaba da baya aka naɗe, shafi 16 take bayarwa. Naɗi shida 96 ke nan, naɗi bakwai 112. Kowane naɗi da farantansa, wato fallayen ƙarfe da ake ɗora wa inji ɗauke da rubutun, kuma kuɗin faranti ba ya canzawa ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu biyar. Saboda haka bugu kaɗan yana da tsada a kan kowane kwafi, bugu mai yawa kuma yana cika ɗaki in babu masu saye. Takardar kanta daga waje ake shigo da ita, da dala. A 2022, da kuɗin Gana, sidi, ya faɗi har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, farashin da muka ba mutum ranar Litinin ba ya kaiwa Juma'a.

Duk wannan ya taru ne a tambaya ɗaya da maigidanmu ke yi wa kowa da ya shigo da rubutu a hannu: wa zai saya? Da farko na ɗauke ta a matsayin rowa. Yanzu ni ma ita nake fara yi, kuma ga mai rubutu da Hausa a ƙasar nan tambaya ce mai ciwo.

Hausa ta cika zango-zango daga Akra zuwa Kumasi har Tamale. Ana ciniki da ita, ana wa'azi da ita, gidan rediyon GBC na watsa shirye-shirye da ita. Amma Hukumar Harsunan Gana, wadda tushenta ya koma 1951, harsuna goma sha ɗaya take bugawa, irin su Twi, Ga, Ewe, Nzema, Dagbani, Gonja da Kasem. Babu Hausa a ciki. Yaron Nima yana magana da ita a gida, da safe ya koyi karatun Turanci a boko, da yamma ya koyi na Larabci a makarantar malam. Babu inda aka zaunar da shi aka koya masa karanta harshen da yake mafarki da shi. Ka miƙa wa mai digiri shafin Hausar boko, sai ka ji yana tuntuɓe kamar ɗan aji biyu, kunya ta kama shi, ya ajiye. Marubucin Kano ya tarar da masu karatu a shirye, makaranta ta riga ta yi masa aikin. Mu ba mu da wannan gata.

Ba wai rubutun Hausa baƙo ne a nan ba. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon na ajiye da tarin rubuce-rubucen malaman wancan zamani. Da ajami suka yi, domin shi almajiransu suka iya. Sun san mai karatunsu kafin su ɗauki alƙalami, abin da da yawa daga cikinmu ba mu yi.

Littafin Hausa na farko da na shawo kan maigida ya buga ɗan ƙarami ne, naɗi biyu kacal, gajerun labarai na yara, boko a shafi ɗaya ajami a ɗayan. Kafin a kai ga inji sai da muka yi gardama a kan wace Hausa za a rubuta. Malamin da ya duba mana ya ce ta Kano, ita ce daidaitacciya. Iyayen da muka gwada wa suka ce 'ya'yansu ba haka suke magana ba, a zango ba kowa ke bambanta "ya" da "ta" ba, kuma kalmomin Twi da Turanci sun zauna daram. Ni ra'ayina, a bi ƙa'idar rubutu ta gama-gari a labari, a bar mutanen ciki su yi magana da bakin unguwarsu. Malam bai gamsu ba har yau. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yawancin salon haruffan da ke kwamfutocin New Town ba su da su. In ba a duba ba, akwati-akwati ne za su fito a madadinsu.

Kantin littattafai bai taimaka sosai ba. Yana karɓa ne a kan sai an sayar a biya, ya cire kasonsa, kuɗin ya zo bayan watanni. Malaman makarantun Islamiyya ne suka sayar mana, da wani mai tebur a bakin masallacin Juma'a, da mata a wurin suna da biki, suna turo kuɗi ta waya, wato MoMo. UNESCO ta naɗa Akra babban birnin littafi na duniya na shekarar 2023, an yi taruka masu kyau, amma cinikinmu daga waɗancan hannaye ya ci gaba da zuwa.

Sauran aikin takardu ne, kuma ba shi da wuya. Lambar shaidar littafi ta duniya, wato ISBN, ana samunta a ɗakin karatu na George Padmore, ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Gana. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 tana kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayansa, sai dai ba za ta karanta maka yarjejeniyar da ka sa wa hannu ba. A duba kwafi nawa za a buga, kaso nawa ne naka, da kuma wa ke riƙe da fayil ɗin da aka tsara. Na ga wani dattijo da littafinsa ya ƙare a kasuwa, ya dawo don a sake bugawa, ya tarar maɗaba'ar ta rufe, an sayar da kwamfutar. Sai da muka sake buga masa shi daga farko, shafi-shafi, daga kwafin da ya aro a wurin surukinsa.