Daren da 'yan dambenmu suka sanƙare

Jiya na miƙa makullin ofis na hau keke napep daga Samaru na sauka Kwangila a nan Zariya, shekara biyu da wata huɗu na aikina a wurin kenan sun ƙare. Waɗanda muka zauna tare a ɗakin nan na sama sun san labarin amma kowa ya ji shi ne daga bakin Oga, to bari nima in faɗi nawa.

Gem ɗin dambe muke haɗawa a Unity, manhajar haɗa gem, ni ke da motsin 'yan wasa. Da farko Oga cewa ya yi in shiga Mixamo kawai, shafin da ake samun motsi shiryayye, in kwaso motsin naushi tunda kyauta ne, ko ƙashin da ake motsa ɗan wasa da shi ma shi zai saka masa. Na kwaso, muka ɗora, sai ga ɗan damben Hausa ya dunƙule hannu biyu a gaban fuska yana tsalle-tsalle kamar wanda ya taso a Amurka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gidan dambe ya san ba haka ake ba. Hannu ɗaya ne ake ɗaurewa da zare, yana can baya yana jiran dama, ɗayan a buɗe a miƙe gaba yana auna tazara yana kare kai, ƙafa a ware, jiki ya ɗan sunkuya. Haka na zauna a Blender, manhajar da muke ƙera 'yan wasa da motsinsu, wata uku ina kallon bidiyo a hankali ina gyara gaɓa ɗaya-ɗaya. Kafaɗa ce ta fi ba ni wuya, in hannun ya zagayo da ƙarfi sai fatar wajen ta murɗe kamar an matse tsumma, sai ka koma ka sake raba wa kowane ƙashi nauyin fatar da zai ja. Babbar rigar alƙalin wasa kuwa kar ma a yi magana, ƙafa na fitowa ta cikinta duk taku.

Ana gobe wani Alhaji zai zo daga Kaduna ya gani ko zai zuba kuɗi, Oga ya ce in sa masa furojet ɗin gaba ɗaya a filash. Filash ɗin ya cika. Na goge foldar Library, wannan ba laifi, Unity na sake gina ta. Sai idona ya kai kan ƙananan fayil ɗin nan masu ƙarewa da .meta, kowane hoto kowane ƙashi da nasa a gefe, sun fi dubu, na ce wannan ai tarkace ne. Na nemo su duka na goge, a kan ainihin aikin da ke laftof ɗina ba kwafi ba. Abin haushin ma ko wurin kirki ba su rage ba, don ba su da nauyi.

Da na sake buɗewa kusan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, fili ya koma ruwan hoda, 'yan wasa wasu sun ɓace wasu sun tsaya sun ware hannuwa kamar an shanya riga. A lokacin ban san cewa a cikin .meta ne Unity ke ajiye lambar shaidar kowane fayil ba, da ita komai ke gane ɗan'uwansa, in ka goge sai ya raba sabbin lambobi, kowa ya rasa kowa. Kuma a ciki ne ake ajiye inda na yayyanka dogon motsi zuwa naushi da kaucewa da faɗuwa, har da daidai inda kalangu zai buga in naushi ya sauka. Duk sun tafi.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma sau uku ina roƙon mu koma Git, tsarin da ke ajiye tarihin kowane canji don a iya komawa baya, Oga na cewa data, wai kuma GitHub, shafin da ake ɗora aikin, ba ya karɓar fayil da ya wuce 100MB, na ce akwai LFS, ƙarin da aka yi wa Git don manyan fayil irin wannan, ya ce in bar masa Turanci. Kwafin ƙarshe da muke da shi ya yi sati shida. Washegari a gaban yara 'yan IT da ni nake koya musu ya ce dama ya san ɗauko ni taimako ne, ya riƙe min albashin wata biyu, maganar Git kuwa ko sau ɗaya bai tuna da ita ba. Na ce "Allah ya huci zuciyarka Oga" na koma kujerata, wallahi har yau in na tuna muryata a lokacin sai in ji haushin kaina.

Dokarsa ce kar a kai matsalar ofis waje, wai za a sace mana dabara. A daren na karya ta, na shiga wani zauren masu Unity a manhajar hira ta Discord na rubuta da guntun Turancina. Wani da ban san ko daga wace ƙasa yake ba ya ce abu na farko kar in kuskura in adana komai, in rufe, in kwaso .meta na tsohon kwafin in mayar kowanne gefen fayil ɗinsa, lambobin asali za su dawo. Ya zauna da ni har kusan asuba, bai nemi ko sisi ba. Mafi yawan aikin ya dawo, na sati shidan nan ne kawai na sake yi da hannu. Alhajin dai bai ga komai ba ranar, an ce masa babu wuta.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Ka danna Ctrl+A ka daidaita girma a Blender kafin ka fitar da shi zuwa Unity, in ba haka ba mutuminka ya iso ƙato ko ɗan mitsitsi. Blender na ɗaukar layin Z a matsayin sama, Unity da Godot (wata manhajar haɗa gem ce) layin Y, shi ya sa wani lokaci yake zuwa a kwance. Maganar kuɗi da sunanka a aiki a rubuta a takarda ko da ɗan unguwarku ne, musamman ma in ɗan unguwarku ne.

Yanzu Godot nake koyo a gida. Tun Satumbar 2023 da Unity suka sanar da kuɗin da za a riƙa biyansu kan kowace saukewar gem na fara leƙa shi, sun soke tsarin a 2024 amma na riga na saba, kyauta ne kuma tsohuwar laftof ɗina ba ta nishi da shi. Abu na farko da na yi a sabon furojet shi ne Git.

Har yanzu bidiyon naushin nan na hannun dama yana yawo a status ɗin Oga da sunan ofis a ƙasa, nawa babu. Ɗaya daga cikin yaran IT ɗin ya turo min saƙo ɗazu wai kafaɗar ta sake murɗewa tun da suka taɓa ta, ya ake gyarawa. Na ce ya same ni PZ bayan la'asar ya zo da laftof ɗinsa.