Inda Ohio ke haɗuwa da Misisipi

Jiya na tsaya a Cairo, can ƙarshen kudancin jihar Illinois a Amurka, inda kogin Ohio ke zubawa cikin Misisipi. Nan take Lokoja ta faɗo mini a rai. Ruwan biyu suna tafiya a jere, kowanne da launinsa, kafin su gauraya.

Wallahi garin ya sosa mini zuciya. A 1920 mutanensa sun haura 15,000, jiragen ruwa da na ƙasa suna ta sauke kaya. Ƙidayar 2020 kuwa 1,733 kacal ta samu. Gadoji suka kashe sana'ar fito, rikicin wariyar launin fata ya ƙara watsa jama'a. Kusa da katangar tare ambaliya na ga tsohon shago a kulle, ciyawa ta kai gwiwa a bakin ƙofarsa.