Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kundi Kawai Ya Rage

A makon jiya na tsaya a ranar da aka liƙa sakamakon zango na biyu, na ga na ci duk kwasa-kwasan digirina na biyu. Na dawo gida da murna na ce wa maigidana, "Ai an gama, kundi kawai ya rage." Wannan "kawai" ɗin ita ta ci mini shekara uku da 'yan watanni.

Shekarar farko ta digiri na biyu, duk da wahalarta, akwai mai jan ki. Ga jadawalin lacca, ga ranar miƙa aiki, ga ranar jarrabawa, ga 'yan aji da za su kira ki idan ba su gan ki ba. Da aka gama kwas aka raba mu ga malaman da za su duba bincikenmu, sai kowa ya kama gabansa. Ba mai kiran suna, ba mai tambaya. Daga baya na ji cewa a jami'o'in Amurka har laƙabi gare su, ɗaliban da suka gama komai sai kundi. Ashe ciwon ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na kare tsarin bincikena a watan Fabrairun 2020. Ina so in auna yadda 'yan sakandare ke fahimtar taswira, don haka dole in shiga aji in raba takardun tambayoyi. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, ba a jima ba aka rufe makarantu. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce rufewar ta taɓa ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi. Ni ɗari uku kawai nake nema a cikinsu, kuma duk suna gida. Takarduna suka kwana a kwali har ƙura ta rufe su.

Wannan dai ƙaddara ce ta kowa, ban ɗora wa kowa laifi ba. Abin da ya biyo baya ne ya fi ci mini rai.

Da aka buɗe makarantu, malamin da ke duba aikina ya tafi hutun shekara da malaman jami'a kan samu, yana koyarwa a wata jami'a. Mutumin kirki ne, amma ɗalibai goma sha wani abu gare shi, ga lacca, ga taruka. Na tura masa babi na uku, na jira wata huɗu. Kunya ta hana ni kiransa sau biyu a wata. Can sashe ya ba ni wani malamin, na ce Alhamdulillahi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ya karanta ya ɗago ya ce, "Malama, wa ya amince miki da wannan hanyar zaɓen samfur?" Wato yadda na zaɓo ɗaliban da zan raba wa takardun tambayoyi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a haka na kare shi."

Ya ce, "To ba a gabana ba."

Gaskiya yana da hujja, kuma babin ya fi kyau bayan gyaran. Sai dai babu wanda ya zaunar da su biyun su daidaita, ni ce a tsakiya, ina gyara abin da wancan ya so don in gamsar da wannan.

Cikin haka na haihu a 2021. Ina koyarwa da safe, ina reno da rana, da dare in buɗe kwamfuta in yi barci a kanta. Kowace sabuwar shekarar karatu kuma sai an sabunta rajista, ko kin rubuta layi ɗaya ko ba ki rubuta ba. Abin da ban sani ba a lokacin, akwai takardar da ake cikewa a dakatar da karatu na zango ko shekara saboda haihuwa ko rashin lafiya, kuma lokacin ba ya shiga lissafin wa'adi. Yana rubuce cikin littafin ƙa'idojin da aka ba mu ranar rajista. Ban taɓa buɗe shi ba, babu kuma wanda ya ce in buɗe. Na yi wata bakwai ban taka jami'a ba. In an tambaye ni a wurin aiki ina karatu, sai in ce ana nan ana yi, in sauya zance.

Saƙon da ya tashe ni ya zo ne daga ofishin karatun gaba da digirin farko: wa'adina ya kusa cika, ko in nemi ƙari ko a cire sunana. Na je a firgice. Layi ya yi tsawo, sai na shiga laburare in ɗan zauna. Wata ma'aikaciya, dattijuwa, ta ga ina share hawaye a kan fayil, ta ja kujera ta zauna.

"'Yata, lafiya?"

Na kwashe komai na faɗa mata, har abin da ban faɗa wa maigidana ba, cewa na fara tunanin ni ce ba ni da ƙwaƙwalwar wannan karatun.

Ta ce, "Ƙwaƙwalwar da ta ci kwas tara? Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Taso."

A awa biyu ta nuna mini abin da na yi shekara uku ina wucewa ta gabansa. Jami'a tana biyan kuɗin mujallun bincike na intanet, da lambar ɗalibtata zan shiga kyauta, ni kuwa ina ta bara a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen bincike, ina neman wanda ba a kulle ba. Ta saka mini Zotero, manhajar da ke tsara manazarta da kanta, aikin da nake yi da hannu har ƙarfe biyun dare. Ta ce duk zango ana bita kan SPSS, manhajar nazarin alƙaluman bincike, ana kuma bari ɗalibi ya gwada kundinsa a Turnitin, manhajar da ke auna kamanceceniyar rubutu da na wasu, kafin ya miƙa, kada adadin kamanceceniya ya mayar da shi baya. A saman bene kuma akwai ofishin ba da shawara, inda na je washegari na yi kukan da ya rage.

Har yau ina jin haushin wannan. Duk abubuwan nan an faɗe su sau ɗaya a makon shigarmu, lokacin da hankalinmu ke kan neman ɗakin lacca. Ɗalibin da ya fi buƙatarsu shi ne wanda ya daina zuwa, sanarwar kuma a allon da ba ya gani ake liƙa ta.

Kafin in fita ta kai ni wani ɗaki a ƙarshen baranda. Mutum biyar ne a ciki, kowa da kwamfutarsa, shiru kamar ba kowa. Duk Asabar suke haɗuwa, awa uku, a kashe waya, a ƙarshe kowa ya faɗi shafi nawa ya rubuta. Ɗaya daga cikinsu ta ɗago, muka haɗa ido. 'Yar ajinmu ce, wadda nake ɓoye wa tun bara don na ɗauka ta gama tuntuni.

Ta ce, "Ke ma?"

Abin da ya faru a ɗakin nan, da ranar da na koma gaban malamina da babi na huɗu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.