Warin bakin da kunya ke ɓoyewa

Yau bayan sallar La'asar a Agege, wani dattijo ya ja ni gefe, ya kare bakinsa da gefen rawaninsa, ya ce: "Ɗana, kullum ina asuwaki, ina tauna kanumfari, amma jikokina suna kau da kai idan na yi magana." Maganar ta taɓa mini zuciya ƙwarai, domin mutum ne mai tsafta.

Na ce masa, "Baba, yawancin warin da ya ƙi tafiya daga cikin bakin yake fitowa: ƙwayoyin cuta da ke taruwa a can ƙarshen harshe, dasashi mai kumburi da zubar jini, ruɓaɓɓen haƙori, ko bushewar baki idan yawu ya yi ƙaranci. Kanumfari rufe warin kawai yake yi na ɗan lokaci." Na ba shi shawarar goge harshe, sakace tsakanin haƙora da yawaita shan ruwa, sannan ya ga likitan haƙori ya kankare masa dattin da ya daskare, a kuma gwada sugansa idan warin ya ci gaba. Har yanzu ina tunanin dattawanmu da suka rage magana a majalisa saboda wannan matsala.