Jajibirin Ista da faranti biyu na gashin cuku

Asabar, jajibirin Ista.

Tun daren jiya na sauko da kwaɓin daga firiza zuwa firij, don ya saki a hankali cikin sanyi. In aka ajiye shi a kan tebur wai don ya yi sauri, bayansa zai yi laushi yana manne wa hannu alhali cikinsa da sauran ƙanƙara, ana buɗe shi sai ya tsage daidai wurin ninki. Sauri kan haifi nawa. Kwaɓin na saye ne, mai falle-falle ɗin nan da ake rubuta puff pastry a kwalinsa, shimfiɗa biyu, wajen giram 500. Gara in faɗa tun yanzu, kada wata ta ga hoto ta ɗauka kwana na yi ina murza bota.

Da hantsi Yaya ta kira, muna gaisawa na gaya mata abin da zan gasa. Ta ce, "Ke dai ba kya rabuwa da son sauƙi. Abin biki guda, a ce daga kwali ya fito?" Na ce, "Yaya, ai haɗin cikin nawa ne, kuma ni zan tsaya a kan wutar." Dariya kawai ta yi, ta ce a ajiye mata nata.

Ban ga abin kunya a ciki ba. Wanda duk ya taɓa yin irin wannan kwaɓi da hannu ya san aikinsa: a naɗe curin bota a cikin kwaɓin fulawa, a murza, a ninka gida uku, a mayar firij ya huta kamar rabin awa, a fito da shi a sake. Sau shida ake yi a tsarin masu gashin Faransa, shi ya sa lissafin ke kaiwa falle 729 na bota, kowanne tsakanin fallen fulawa biyu. Aikin rabin yini ne, kuma a ranar da ga shara, ga gugar kayan yara, ga girkin gobe yana jira. Abin da nake dubawa kawai wajen saye shi ne jerin kayan da ke bayan kwali. In bota ce zalla a ciki, ƙamshin daban ne, kuma yana narkewa a baki. Na man margarine ya fi jure ɗumin kicin, sai dai yakan bar maiƙo a dasashi.

Inda na ba da hankalina shi ne haɗin cikin. Cuku mai laushi irin na shafa wa burodi, giram 225, na fito da shi tun da sassafe ya huce, domin mai sanyi ba ya haɗuwa, gudaji yake yi ko an kwana ana bugawa. Sukari giram 50, gwaiduwar ƙwai ɗaya, ƙaramin cokali na fanila, cokali ɗaya na fulawa, ɗan gishiri a bakin yatsa, sai ɓawon lemun tsami guda da na kankare, iya koren ko rawayan da ke sama, ban da farin da ke ƙasa don ɗaci gare shi. Da cokalin katako na juya, ban kunna injin bugawa ba. Inji yana cusa iska, cukun ya kumbura a wuta ya ɓalle, in ya huce kuma ya lotsa a tsakiya. Gwaiduwar ita ke ɗaure haɗin in ya ji zafi, fulawar kuma ta shanye ruwan da cuku ke saki. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in ɗebo da cokali in kife shi. In ya tsaya ya yi, in ya zubo to zai malale a faranti, sai a ƙara masa sanyi. Mai amfani da ricotta ko wani cuku mai ruwa ta fara zuba shi a rariya da tsumma mai tsabta ya tsane, ko da na awa biyu ne.

Sukarin da gangan na rage shi. Girke-girke da yawa suna zuba fiye da haka, amma in zaƙi ya yi yawa ɗan tsamin cukun yakan ɓace, kuma tsamin nan shi ne daɗin abin. Wannan cukun ma, duk da sunan Philadelphia da ya fi shahara a kansa, a jihar New York aka fara yin sa don sayarwa, a garin Chester, a hannun wani mai sana'ar madara William Lawrence, wajen 1872. Sunan Philadelphia talla ce kawai, saboda a lokacin birnin ya yi suna da kayan madara masu kyau.

Auta ta shigo tana neman aiki, na ba ta cokali mai yatsu. Na barbaɗa fulawa kaɗan, na ɗan murza shimfiɗar don ninkin ya kwanta, na yanka murabba'i-murabba'i, kowane gefe kamar santimita 10. Wuƙar dole ta zama mai kaifi, kuma a danna ta ƙasa kai tsaye, kada a ja, domin ja yana liƙe bakin fallen ya hana shi tashi. Rabi muka yi su a buɗe: na zana layi a ciki kusa da baki ba tare da na huda ƙasa ba, ita kuma ta sossoki tsakiyar da cokalinta don kada wurin ya kumbura, muka ɗora cuku cokali ɗaya. Sauran na jawo kusurwa biyu na haɗe su a tsakiya da ɗigon ƙwai. Ta ce, "Mama, a ƙara cukun mana, ya yi kaɗan." Na ce mata cokali ɗaya ne, in ya wuce haka takardar gashi ce za ta ci rabonta. Ba ta yarda ba, ta cika nata guda har yana tsiyaya, na ƙyale ta.

Daga nan farantin ya koma firij na minti 20, na kunna oben a digiri 200. Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne gaba ɗaya sirrin. Babu yis a kwaɓin nan, babu hodar tashi. Tururi ne ke ɗaga shi. Bota tana da ruwa kusan kashi 16 cikin 100, kwaɓin ma da nasa, in sun shiga wuta mai ƙarfi suna da sanyi sai ruwan ya zama tururi nan take ya tura falle sama, fulawar ta ƙame a haka kafin man ya tsiyaye. Bota kuwa tun a wajen digiri 32 zuwa 35 take narkewa, ƙasa da zafin jikin mutum, wato tafin hannunka ma ya isa ya ɓata ta. In kwaɓin ya ɗumama, ko oben bai gama zafi ba, man zai tsiyaye ƙasa, a fito da abu a kwance yana iyo cikin maiƙo.

Ina zaune ina jira sai na tuna yadda cuku da ƙwai suka mamaye teburin wannan biki a ƙasashe da dama. A cocin Otodoks, azumin da ke gaban Ista ya haɗa da barin nama da madara da ƙwai na tsawon makonni. Kaji kuwa ba su san da azumi ba, suna ta saka, kuma a ƙasashen Bahar Rum lokacin ne sanyi ke janyewa, ciyawa ta fito, tumaki sun haihu nono ya wadata. Kafin ranar ta zo an tara abin da dole a yi wani abu da shi. A tsibirin Kirit na Girka suna yin kalitsounia da cukun mizithra, a barbaɗa kirfa. A Santorini akwai melitinia. Mutanen Saifurus suna gasa flaounes da na'a-na'a da zabibi a cikin cukun, na Sardiniya a Italiya kuma pardulas, da ricotta da za'afaran da ɓawon lemu. Ranar ma ba kullum ake haɗuwa a kanta ba, don cocin gabas suna lissafi da tsohuwar kalandar Juliyan, na yamma da ta Giregori, inda take faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2025 dai duka biyun sun dace a 20 ga Afrilu. Gashin nawa bai kai na waɗannan ƙasashe wahala ba ko kusa, amma dangi ɗaya ne.

Kafin su shiga wuta na shafa ruwan ƙwai a saman baki kawai, na kiyaye kada ya gangara gefen da aka yanka, don in ya bushe a nan sai ya ɗaure fallen. Minti 12 na farko ban taɓa ƙofar oben ba, ta gilashi muke leƙe ni da Auta. A minti 18 suka yi ja sosai, ja na gaske, domin fari-fari yana nufin fallen ciki bai gasu ba. Na ɗaga ɗaya na duba ƙasansa, ya bushe ya yi launin zuma. Na Auta ya malale kamar yadda aka faɗa mata, ta kankare wanda ya ƙone a takarda ta cinye, ta ce ya fi na kowa daɗi.

Maigida ya dawo ana cikin shan iskarsu, ya kai hannu. Na ce ya bari su huce minti 10, cukun ciki yana riƙe zafi fiye da yadda bayan ke nunawa. Ya jira da ƙyar, ya ci biyu a tsaye, sannan ya tambaya ko ba za a zuba farin sukarin nan a sama ba. Na dama garin sukari da ruwan lemun tsami kaɗan na yarfa wa rabi, rabi na bar su haka, don ni a ganina ba sa bukata.

Faranti na biyu ban gasa ba. Na shirya su, na rufe da leda, suna firij ba a shafa ƙwai ba. Irin wannan gashi a ranarsa yake da daɗi, in ya kwana ƙaras-ƙaras ɗin yakan tafi, ko da yake minti biyar a oben mai matsakaicin zafi yana dawo da mafi yawansa. Waɗanda suka rage na yau na sa su a firij tun kafin awa biyu ta cika, saboda cuku da ƙwai ba a barinsu a waje. Gobe ƙarfe shida zan kunna oben, in shafa ƙwai, su fito kafin mu fita. Na Yaya guda huɗu na ware su a gefe ɗaya na farantin, na kuma gaya wa maigida na ƙirga su.